Daga Wayar Birkin Keke Zuwa Dandalin Duniya: Labarin Mdou Moctar Da Darasinsa Ga Makaɗan Ƙasar Daura

[Kiɗan buɗe shiri: sautin gurmi. A bar shi ya ɗan yi, sannan a rage shi ƙarƙashin murya.]

Gaisuwa ga mutanen birnin Daura, da na Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, daga Matamaye da Magarya har Damagaram, duk inda iska ta kai muryarmu. Ina manoma, ina 'yan kasuwa, ina direbobin hanyar Kwangwalam, ina iyayenmu mata da ke cikin gida rediyo na gefe? A gyara zama.

Yau zancen kiɗa za mu yi, kiɗan tsirkiya. Za mu bi sawun wani makaɗin jita, Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, mai suna Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa na farko kuwa a nan ƙasarmu aka naɗe su, a birnin Sakkwato, cikin shekarar 2008. Yau ana cika manyan dandali a Amurka da Turai don a ji hannunsa. Mun ɗauko labarinsa ne saboda yana ɗauke da darasi guda wanda ya shafi kowane mai gurmi da mai garaya da mai kukuma a ƙasar Daura: kiɗan da ba a naɗa ba yakan bi mai shi kabari, wanda aka naɗa babu sunan mai shi kuwa, wani yake ci da shi.

[Gajeren sautin jita.]

Mu fara da irin kiɗan. Turawa suna sa Mdou Moctar cikin rukunin da suke kira buluz ɗin hamada. To mene ne buluz?

Kiɗa ne da ya tsiro a kudancin Amurka, musamman jihar Misisifi, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. Bayan an soke bauta a 1865, yawancinsu sun ci gaba da noman auduga a gonakin da ba nasu ba, bashi ya yi musu katutu, wariyar launin fata ta tsare musu gaba da baya. Idan dare ya yi, mutum ɗaya zai ɗauki jita ya zauna bakin ƙofa, ya rera damuwarsa: talauci, rabuwa da masoyi, zaluncin mai gona, kewar gida. Ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe. Tsakanin layi da layi jitar ce ke yi masa amshi, yana lanƙwasa tsirkiya har ta yi kamar kukan mutum.

Duk wanda ya taɓa zama gaban mai goge ko mai gurmi, wannan siffa ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Masana ma sun lura da haka. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 mai suna Africa and the Blues, inda ya nuna cewa yawancin siffofin wannan kiɗa sun fi kama da kiɗan ƙasashenmu na Sudan ta Yamma, yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa da Mali, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Cikin misalan da ya kafa hujja da su har da kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru a 1964. Mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗansa, murya mai karkarwa da ado, tsirkiya mai bin harshe: waɗannan duk namu ne.

Akwai ma wani abu da zai ba ku sha'awa. Yaran ƙauyukan Misisifi da ba su da kuɗin jita, sukan kwance wayar da aka ɗaure tsintsiya da ita, su kafa ta jikin katako ko bangon ɗaki, su sa kwalba ta ɗaga ta, su yi ta kaɗawa. Da yawa cikin manyan makaɗansu a kan wannan tsirkiya ɗaya suka fara. Ku tuna da marigayi Dokta Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce, a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata. Da ita ya yi wa karen mota waƙa, ya yi jawabin aure, ya yi wa mai akwai da mai babu nasiha, ya zaga ƙasashen duniya. Talaka a ko'ina yake, idan abu ya cika masa ciki, zai nemo abin da zai faɗa da shi.

[Sautin kuntigi, daƙiƙa kaɗan.]

Yanzu mu hau hanya mu yi arewa. Wanda ya tashi daga Daura ya bi ta Kwangwalam, ya wuce Matamaye ya shiga Damagaram, ya miƙe ta Tanut, Agadas zai sauka. Wannan hanya tsohuwa ce. Ta nan ayarin Abzinawa ke saukowa da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi. Saboda haka mutanen da za mu yi zancensu maƙwabta ne, abokan ciniki tun kaka da kakanni.

Abzinawa suna da kayan kiɗansu na gado. Akwai imzad, ɗan'uwan gogenmu, wanda mata ke kaɗawa. Akwai tahardant, ɗan'uwan molo. Akwai tande, turmin da ake rufe wa baki da fata ya zama ganga. Jita daga baya ta shigo, kuma wahala ce ta kawo ta. Farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu a nan ma ba su manta da su ba, sun kashe dabbobin makiyaya, suka tura dubban samari ci-rani zuwa Aljeriya da Libiya. A can cikin zaman baƙunta da rashin aikin yi suka ɗauki jita, suka zuba mata salon kiɗansu na gida. Suka kira abin da suke rerawa assuf, wato kewa da begen gida. Ƙungiyar Tinariwen ta mutanen arewacin Mali ita ta buɗe wannan hanya, har ta ci kyautar Grammy a 2012. Kafin ita, Ali Farka Toure na garin Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, ya riga ya nuna wa duniya dangantakar kiɗan bakin kogin Kwara da buluz ɗin Amurka, musamman da faifansa Talking Timbuktu na 1994.

A Nijar kuwa, wanda ya jagoranci wannan salo shi ne Abdallah Oumbadougou. A lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990, kafin sulhun 1995, kaset-kaset ɗinsa a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu.

Shi Mdou Moctar ɗan yankin Azawak ne, cikin jihar Tawa. Ya tashi a gidan da ke riƙe da addini sosai, gidan da ba ya maraba da kiɗa. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa ya zauna. Ba shi da kuɗin jita, ba shi da malamin da zai koya masa. Sai ya nemo katako, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiya da ita, ya koya wa kansa a ɓoye. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, kuma har gobe haka yake yi. Kamar sauran samarin yankinsa, shi ma ya taɓa ci-rani a Libiya, ya dawo gida.

A nan ina so iyaye su saurare ni da kyau. Hukuncin kiɗa a addini fagen malamai ne, kuma kowane gida yana da malamin da yake bi. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, idan ka ga yaronka yana haɗa abu da hannunsa daga tarkacen bola, mota ce ta kara ko rediyo ko abin kiɗa, to Allah ya ajiye wata baiwa a wurin. Ka zaunar da shi ka ji abin da ke ransa, ka ba shi tarbiyyar da za ta tsare shi duk inda baiwar ta kai shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

[Sautin jitar Abzin, a bar shi ya ɗan ja.]

To, yaya makaɗin jita yake cin abinci a Agadas ko Tawa? Kamar yadda namu suke ci: a gidan biki. A shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareto, a jona lasifika, samari da 'yan mata su kewaye, a yi ta kiɗa har dare ya raba. Wanda ya ji daɗi ya fito ya yi liƙi. A wannan makaranta Mdou Moctar ya goge. Filin biki ba ya yi wa makaɗi kara. In hannunka ya yi sanyi, mutane za su watse, gobe kuma wani za a kira. Wannan ne ya koya masa saurin yatsa da juriya da sanin abin da ke tayar da taro.

A 2008 ya tsallako Najeriya, ya shiga situdiyo a Sakkwato. Ku tuna wane zamani ne wannan. Lokacin waƙoƙin fina-finan Hausa suna tashe, ana haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta, ana bi da murya ta cikin na'urar nan mai sa ta yi santsi da karkarwa kamar ta ƙarfe. Da irin waɗannan kayan aiki aka naɗi waƙoƙinsa, da harshensa na Tamashek, da jitarsa a ciki. Aka sami wani sabon abu: begen Abzin cikin rigar kiɗan Hausa na zamani. Sunan wannan kundi Anar.

Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin. Babu shagon da ya sayar da shi da sunan mai shi. Hanyar da ya bi ita ce wadda kuka sani: daga waya zuwa waya ta bulutut, daga memori zuwa memori, a tasha, a kasuwa, a cikin motar haya. Waƙoƙin suka ratsa Nijar, suka shiga Mali, suka yi nisan da shi kansa bai taka ba. Ana jin sa a garuruwan da ba a san fuskarsa ba, kuma ko sisi ba ya shiga aljihunsa.

Ana nan sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai sha'awar kiɗan Sahel, ya zauna a garin Kidal na arewacin Mali yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane. Cikin abin da ya samu har da wata waƙa mai suna Tahoultine. Ta kama shi ƙwarai. Amma wane ne mai ita? Ɗan guntun suna kawai ke jikinta, babu gari, babu lamba. Sai da ya sha cigiya kafin ya gano mai waƙar. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin mutanen Sahara, da wannan waƙa a ciki, da sunan mai ita a rubuce. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Jama'a, ku dubi siririn zaren da wannan arziki ya rataya a kai. Da ɗan guntun sunan nan bai biyo waƙar ba, da mai neman ya gaji ya bari, da yau wani labarin ake yi. Makaɗa nawa ne a ƙasarmu waƙarsu ta yi irin wannan tafiya, aka neme su aka rasa?

[Hutu: sautin garaya.]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, shirin faɗakarwa ne, muna bin sawun makaɗin jita Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar. Bari mu jero ayyukansa, don a ga yadda sana'a ke hawa mataki-mataki.

A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a garin Cintabaradan, a cikin mutanensa, da sautin fili da tafin jama'a. A 2014 aka buga Anar na Sakkwato a faifai, shekara shida bayan naɗinsa. A 2015 ya fito a matsayin jarumi a wani fim da aka yi a Agadas da harshen Tamashek, labarin saurayi makaɗi da ke fama da adawar mahaifinsa da ta abokan hamayya. An gina fim ɗin a kan wani tsohon fim na mawaƙin Amurka Prince. A 2017 ya fitar da Sousoume Tamachek, kundi mai sanyi wanda shi kaɗai ya kaɗa kayan da ke ciki. A 2019 sai ga Ilana, na farko da ya naɗa a situdiyo da cikakkiyar ƙungiya, a birnin Detroit na Amurka.

Ƙungiyar da ya yi fice da ita daga baya mutum huɗu ce: shi da jitar gaba, Ahmoudou Madassane da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jitar da ke ba da amon ƙasa. Shi wannan Ba'amurken har Agadas ya riƙa zuwa yana kiɗan biki tare da su, domin a can ne kiɗan yake da rai.

Daga nan babban kamfanin faifai na Matador da ke New York ya ɗauke su. A 2021 suka fitar da Afrique Victime, a 2024 suka fitar da Funeral for Justice, wato jana'izar adalci. Tun daga sunayen za ku gane inda aka dosa. Mdou Moctar yana waƙar soyayya da ta kewar hamada, amma kuma yana waƙa a kan halin da Afirka ke ciki. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an daɗe ana kai shi Faransa ana samar da lantarki, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. Wannan yana cikin abin da yake faɗa da jitarsa da bakinsa. Yana kuma kira ga mutanensa su riƙe harshensu kada ya salwanta.

Sana'ar ba ta rasa ƙaya. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyakoki. Mu nan Daura mun ji wannan rufewa a jikinmu, a kasuwa da cikin zumunci. Lokacin su Mdou suna tsakiyar zagayen wasa a Amurka, hanyar gida ta toshe, suka maƙale a can na wani lokaci, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo. Cikin wannan zaman jira suka shiga situdiyo suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, cikin sanyin murya. Shi ne ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice, hawayen zalunci. Kun ga mai sana'a ke nan: ko a cikin tsaka mai wuya, hannunsa bai zauna ba.

Wani abin yabo kuma, bai ɗauke ƙafa daga gida ba. Yana komawa Nijar, yana kiɗa a cikin mutanensa, kuma an san shi da sa abin da ya samu wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishirwa. Mu mutanen garin rijiyar Kusugu ba sai an yi mana bayanin darajar rijiya ba.

[Sautin jita, a hankali.]

Yanzu mu dawo gida, mu auna kanmu.

Tarihin buluz na Amurka ya nuna mana fuska biyu na naɗin sauti. Robert Johnson, wanda ake ɗauka cikin manyan makaɗan jita na Misisifi, waƙa 29 kacal ya naɗa, a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana da shekara 27, bai tara komai ba. A 1990 aka tattara waƙoƙin nan aka sake fitar da su, suka yi kasuwa matuƙa, suka ci kyautar Grammy, shekara 52 bayan an binne shi. Naɗin ya raya sunansa, amma shi bai ci moriyarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ɗaya gefen kuma ga Muddy Waters, mai aikin gonar auduga. A 1941 wani mai bincike, Alan Lomax, ya je har ƙofar ɗakinsa da na'ura ya naɗe shi don ajiya a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Jin muryarsa ta fito daga na'ura ya ba shi ƙarfin zuciya, ya tafi Chicago a 1943, ya zama jigon wannan kiɗa. Har yau wancan naɗi na 1941 yana nan a ajiye, da suna da wuri da kwanan wata.

Mu fa? A nan Daura, garin ubangidansa, marigayi Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, aka binne Dokta Mamman Shata, wanda ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Abin da ya sa jikokinmu za su ji muryar Shata shi ne gidajen rediyo da kamfanonin faifai da masu rikoda sun naɗe shi, daga faifan garmaho zuwa kaset. Haka Haruna Uji da gurminsa, haka Garba Supa da Hassan Wayam da kukumarsu. Amma a bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai ɗaruruwa da ba a naɗa ba: mai garayar da ke yi wa maharba kiɗa, mai gurmin da ke zaga kasuwannin ƙauye, mai molon da ke raka hira a zaure. Sun tafi da abin da ke kansu.

Ni kaina akwai wani kiɗan gurmi a cikin wayata, wani direba ya tura mini shi shekarun baya. Muryar dattijo ce, hannunsa kamar ruwa, Hausarsa irin ta ƙasar nan tamu. Abin da aka rubuta a jikinsa kawai shi ne tsohuwar waƙa. Na tambayi masu turin waƙa a kasuwa, na tambayi dattawa, ban sami wanda ya san shi ba. Duk sanda na kunna, sai in ji daɗi ya haɗu da baƙin ciki, domin ga mutum yana yi mini magana, ni kuwa ba ni da sunan da zan yi masa addu'a da shi.

Saboda haka ga kira, kashi huɗu.

Na farko, gare ku makaɗa da mawaƙa, manya da yara. Duk abin da za ku naɗa, ku faɗi sunanku da garinku da shekarar a farkonsa ko a ƙarshensa, da bakinku, yadda ko an canja rubutun da ke jiki, sunan yana cikin sautin. Magabatanku sun san wannan hikima, shi ya sa suke ambaton kansu a cikin waƙa. Ku ajiye kwafin asali a wuri fiye da ɗaya. Idan za ku shiga situdiyo ko wani zai ɗora aikinku a intanet, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu: nawa za a biya, wa ke da mallaka, kashi nawa ne naku. Kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ita da Hausa ba. Doka tana bayanku. A watan Maris na 2023, ɗan wannan gari, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar kare haƙƙin mallakar fasaha, kuma akwai hukumar tarayya da aka ɗora wa alhakin tsare wannan haƙƙi. Wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai nema ba.

Na biyu, gare ku samari masu manyan wayoyi. Na'urar da ke aljihunku ta fi wadda Alan Lomax ya ɗauka a bayan mota a 1941 sauƙi nesa ba kusa ba. Idan akwai tsoho mai garaya ko mai goge a ƙauyenku, ku je ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku kai masa goro. Ku zaunar da shi inda babu iska da hayaniya, ku naɗi kiɗansa. Ku tambaye shi wa ya koya masa, da me ake haɗa abin kiɗan, wane take ne na wane, a wane lokaci ake kaɗa shi. Ku rubuta sunansa da ranar. Ku ba iyalansa kwafi. Idan wani abu ya shigo ta dalilin naɗin nan, rabonsa ne, ku kai masa.

Na uku, gare ku masu turin waƙa a kasuwa da tasha. Ku ne kuka maye gurbin shagunan kaset, ta hannunku waƙa ke isa ƙauye. Kada ku goge sunan mai waƙa, kada ku liƙa wa aikin wani sunan wani. Gumin mutum amana ne.

Na huɗu, muna miƙa roƙo cikin ladabi ga masarautarmu mai daɗaɗɗen tarihi, da hakimai da dagatai, da makarantun gaba da sakandare da ke wannan yanki, da masu hannu da shuni. Daura tana karɓar baƙi daga ko'ina lokacin hawan Salla da Sallar Gani, ana zuwa ganin Kusugu da fada. Ya dace garin da ake kira tushen Hausa ya mallaki ɗakin ajiyar sauti, ko da ɗaki ɗaya ne da kwamfuta ɗaya da ma'aikaci mai amana, inda za a tara tsofaffin kaset da ke lalacewa cikin akwatuna a gidaje, a juye su, a rubuta sunayen masu su. Kaset ba ya jure zafi da ƙura har abada. Abin da ba a juye ba a wannan zamani, zai yi wuya a same shi a na gaba.

Ga matashin da ke riƙe da jita ko gurmi yana sauraronmu yanzu, ɗana, ka lura da abu ɗaya a tafiyar Mdou Moctar. Duniya ta neme shi ne saboda ta ji a hannunsa abin da ba ta da shi: harshen uwarsa, kiɗan garinsu, damuwar mutanensa. Tsakanin naɗin Sakkwato da kundin da ya kai shi babban kamfani, shekara 13 ce ta aiki, biki bayan biki, tafiya bayan tafiya. Ka koyi hannun tsofaffin garinku tun suna raye, ka tsare mutuncinka, ka tsarkake bakinka daga batsa da cin zarafi, ka faɗi abin da zai amfani jama'a. Sannu ba ta hana zuwa.

[Kiɗan rufe shiri ya fara shigowa a hankali.]

Jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Kafin mako mai zuwa, kowa ya duba gidansu da unguwarsu: wane tsohon makaɗi ne ya rage, wane kaset ne ke kwance a ƙasan akwati? Ku je ku same shi, ku naɗa, ku rubuta suna. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin makaɗa da mawaƙanmu, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Allah ya zaunar da ƙasar Daura da Najeriya da Nijar lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

[Kiɗan gurmi ya ɗaga, har ƙarshe.]